Arlene Kivela, Matar da Ta San Wanda Ya Riga Zuwa

Ƙarfe biyar da rabi na safe Arlene Kivela take fitowa da shebur. Daga Nuwamba har Afrilu, sai ta kwashe dusar ƙanƙarar da ta toshe mata ƙofa kafin tsohuwar motarta ta samu hanyar fita. Ta cika gorar kofi, ta yanki burodin da take gasawa duk Asabar, ta gangara titin bakin tafki har ofishin gundumarmu, a nan arewacin Michigan. Ba ta hawa sama inda ake da tagogi da kujeru masu laushi. Ƙasa take sauka, ɗakin da na'urori ke gurnani, ta rataye rigar sanyi, ta jawo takardun da kwamfuta ta fitar da asuba.

Jerin sunaye ne duka. Ga na masu zaɓe, ga na titunan da motar share ƙanƙara za ta fara bi, ga na dattawan da ke jiran ɗaki a gidajen gunduma. Takan ɗora rula a kan takarda ta duba sama, ta duba tsakiya, ta duba ƙasa. In wani suna ya motsa daga inda ta bar shi jiya, ba za ta kurɓi kofin nan ba sai ta san abin da ya motsa shi.

Shekara arba'in da huɗu tana haka. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki. Yawancinmu mun taɓa shiga ɗaya daga cikin jerin nan nata ba mu sani ba, shi ya sa ya dace a ba da labarinta tun tana raye tana iya musantawa.

Ta shigo ofishin a 1980, tana da shekara goma sha tara. A lokacin bayanan gunduma a kan kati suke, kowane mutum da katinsa mai huji-huji. Akwai wata na'ura mai tsawon akwatin gawa biyu, da aljihuna a jere, kowace lamba daga sifiri zuwa tara da aljihunta. A zuba kati ta wannan gefe, na'ura ta karanta lamba ɗaya tak a jikin kowanne, ta wurga shi aljihunsa. Shugabanta na wancan zamani, Mista Haugen, ya nuna mata yadda ake yi cikin minti biyar.

"Ki fara da lambar ƙarshe," in ji shi. "Ki tattara su daga aljihun sifiri zuwa na tara, ki sake zubawa, ki koma ta kusa da ita. Ta farko ita ce ƙarshe."

"Daga ƙarshe, Mista Haugen? Ai ta farko ce babba. Me ya sa ba da ita za a fara ba?"

"Saboda haka ake yi."

"Amma me ya sa yake fitowa daidai?"

"Yarinya, an ɗauke ki ki zuba kati ne, ba ki yi wa na'ura tambayoyi ba. In kin zubar da tire ɗaya a ƙasa, ke da shi har Kirsimeti."

Da wata ce, da ta haƙura ta ci gaba da zuba katinta. Arlene kuwa ta kwashi lalatattun kati daga kwandon shara ta tafi da su gida, ta baje a kan teburin cin abinci, ta mai da kofuna da farantai aljihunan na'ura. Mahaifiyarta na tsaye da tukunya a hannu tana cewa, "Arlene, a teburin nan fa mutane suke cin abinci." Ita kuma tana cewa, "Saura kaɗan, Mama." Kwana uku ana cin abinci a tsaye kafin ta gano bakin zaren, kuma da kati uku kacal ta gano shi: 57, 17 da 52.

A zagaye na farko, da aka bi lambar ƙarshe, 52 ya faɗa aljihu na biyu, 57 da 17 suka faɗa na bakwai. Da ta tattara, 52 ne a gaba. A zagaye na biyu, da aka bi lambar farko, 17 ya tafi aljihu na ɗaya, 52 da 57 suka haɗu a na biyar. A nan ne ta ga abin da take nema. Na'urar ba ta san 52 ya kasa 57 ba, don a wannan zagaye biyar kawai take gani a jikinsu. Amma 52 ne ya fara isa aljihun, kuma ba ta taɓa sauya wa waɗanda suka zo daidai matsayi. Aikin zagayen farko yana nan a adane cikin na biyu. Dukan sirrin ke nan: in biyu sun yi kunnen doki, a bar su yadda suka zo.

Washegari ta gaya wa Mista Haugen. Ya saurara har ƙarshe, ya sosa ƙeya, ya ce shekara ashirin yana aiki da na'urar nan bai taɓa tambaya ba. Shi ne daga baya ya sa mata hannu ta shiga ajin yamma a kwaleji, inda ta koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Da aka kwashe na'urar kati aka kawo kwamfuta, ita kaɗai ce a ginin ta san cewa tambayar ba ta sauya ba. Kwamfuta ba ta iya kallon sunaye dubu ta ce ga na farko. Biyu-biyu take ɗauka ta gwada, wannan ko wancan, kuma gwanintar duka tana ga yadda za a rage yawan gwajin.

Tun daga nan ta zama mutumin da ba a iya zama kusa da shi a yi aiki cikin kwanciyar hankali. In ana karta a ɗakin taro na coci, ba wasan take kallo ba, hannun mutane take kallo. Kowa, in ji ta, dabara ɗaya yake bi ba tare da an koya masa ba: ya ɗauki sabuwar karta, ya bi na hannunsa ɗaya bayan ɗaya har ya sami gurbinta, ya soka ta. Ga karta shida babu abin da ya fi wannan. Ga dubu kuwa, sai mutum ya tsufa a wurin.

Mutanen gari sun ga gaskiyar haka ranar da durowar kati ta ɗakin karatu ta kife, kati fiye da dubu suka watse a ƙasa. Mai kula da ɗakin tana durƙushe tana soka su ɗaya-ɗaya, idonta ya kawo ruwa, aka kira Arlene. Ta zo da mata takwas daga ƙungiyar ɗinki ta coci. Ta raba katin kashi takwas, kowace ta jera nata. Sannan ta zaunar da su biyu-biyu, ta ce kada kowa ya dubi komai sai katin da ke saman tarinsa. A gwada na saman nan biyu, wanda ya kamata ya riga a ajiye shi gefe, a sake gwadawa. Tari takwas ya koma huɗu, huɗu ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya. Kafin abincin rana an mayar da durowa.

"In za ki gwada kowane kati da kowane," ta ce wa mai ɗakin karatu, "sai kin yi gwaji kusan dubu ɗari biyar. Ta wannan hanya bai kai dubu goma ba."

"Ni dai na gode. Kada ki sake gaya min lissafin."

Wannan dabara ta rabawa da haɗewa ita Arlene ta rubuta wa kwamfutar gunduma, da ƙa'ida guda da ta ja wa layi: in na saman tari biyu sun zo daidai, a ɗauki na tarin farko. Ta yi shekaru tana aiki ba wanda ya san da zamanta.

Sai Janairun shekara uku da suka wuce, Walt Tremethick ya sauko ɗakin nan na ƙasa yana dafa bango. Tsohon ma'aikacin mahaƙar jan ƙarfe ne, shekararsa saba'in da takwas, kuma tun Arlene na yarinya yake tsokanarta, don kakanninsa daga Cornwall suka zo, nata daga Finland, kuma tsakanin waɗannan biyu wasa ba ya ƙarewa a garinmu.

"Ina 'yar Finland ɗin nan mai zuba karas a cikin gasasshen nama?"

"Ga ta nan, Walt. Wa ya bar ka ka sauko bene ba mai riƙe ka? In ka faɗi, ni ba zan iya ɗaga ɗan Cornwall ba, dankali ya yi muku yawa a ciki."

Bai yi dariya ba. Ya zaro takardu biyu daga aljihu ya ajiye mata. Shi da matarsa Joyce suna haya a saman wani tsohon shagon takalma, mataki goma sha tara daga titi. An yi wa Joyce aiki a ƙugu, kuma tun Nuwamba ba ta taka ƙasa ba, daga taga take kallon gari. Sun nemi ɗaki a gidajen dattawa na gunduma, waɗanda ba su da bene. Takardar Satumba ta ce su ne na uku a layi. Takardar Janairu ta ce na goma sha ɗaya.

"Na je sama," in ji Walt, "sun ce kwamfuta ce. Na ce to a nuna min ita in yi mata magana, suka ce in sauko wurinki. Arlene, ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na tsaya a layi da yawa a rayuwata. Ban taɓa ganin layin da ake tafiya da baya ba."

Ta kalli takardun ta daɗe. A tsarin gidajen nan, maki ake ba kowa gwargwadon shekaru da rashin lafiya, mai maki da yawa ya hau sama. Makin su Walt takwas ne a Satumba, takwas ne a Janairu. Ta duba ko wasu masu tara ko goma sun shigo, ta ga mutum ɗaya ne kawai. Mutum ɗaya ba ya tura ka baya da gurbi takwas.

"Je ka gida," ta ce. "Ka ce wa Joyce ina gaishe ta. Ban san amsar ba tukuna, amma zan sani."

Ta fitar da jerin wata huɗu ta shimfiɗa su gefe da gefe. Masu maki tara suna sama da masu takwas, masu takwas suna sama da masu bakwai, ko'ina daidai. Amma masu takwas ɗin su goma sha huɗu ne, kuma a cikinsu kowane wata sai an yi wata sabuwar cakuɗa, wanda ya nema shekara biyu da suka wuce yana bayan wanda ya nema jiya. Ta ɗauki takardun ta nufi teburin Curtis Beaudoin, injiniyan da ya sabunta manhajar gunduma a kakar da ta gabata. Mutum ne mai kirki, ya kusa hamsin, ya yi aiki a manyan kamfanoni kafin ya dawo gida, kuma ya san aikinsa.

"Curtis, ka taɓa min jeri?"

"Na sauya shi da mai sauri. Na gwada sau ɗari, Arlene. Nuna min wuri ɗaya da ƙaramin maki ya hau kan babba."

"Babu."

"To?"

"To zauna. Share min teburin nan."

Ta zaro karta daga jakarta, don ba ta rabuwa da ita. Ta jera guda bakwai a layi, a cikinsu akwai takwas ja a kusa da farko da takwas baƙa a kusa da ƙarshe. Ta ce ja ita ce Joyce, baƙa kuma wani ne da ya zo bayanta da shekara. Ta ce ya jera su da hannunsa yadda sabuwar dabararsa take yi. Curtis ya yi murmushi ya fara. Dabarar mai kyau ce, kuma ta shahara: a zaɓi karta ɗaya a mai da ita ma'auni, manya su koma gefe ɗaya, ƙanana ɗaya gefen, ta hanyar ɗauko ta can nesa a musanya da ta nan kusa, sannan a maimaita a kowane gefe. Hannunsa na tafiya da sauri, yana musanyawa yana bayani. Da ya gama, layi ya fito tsaf daga babba zuwa ƙarami.

"Ina Joyce?" in ji Arlene.

Ya duba. Takwas baƙa tana gaban ja.

"Ai duka takwas ne," ya ce, amma muryarsa ta riga ta yi ƙasa.

"A wurin kwamfuta duka takwas ne. Rajistar nan, duk wanda ya nema a ƙasa ake rubuta shi, saboda haka tun asali a jere take bisa wanda ya riga zuwa. Tsohuwar dabarar ba ta tsallake da kowa kan ɗan'uwansa. Taka tana tsallakewa. Lokaci nawa ka rage mana?"

"A jerin gidaje? Bai kai ƙiftawar ido ba."

Can ya cire tabarau ya dafe fuska.

"Ba a rubuce yake a ko'ina ba cewa a bi ranar nema," ya ce.

"Gaskiyarka. Wannan laifina ne. Na dogara da dabarar, na bar dokar a cikin kaina shekara talatin ban rubuta ba. Mu biyu muka yi, mu biyu za mu hau sama."

Gyaran bai ɗauke su awa ɗaya ba. Sun mayar da dabarar da ba ta sauya wa masu kunnen doki matsayi, kuma suka rubuta wa kwamfuta ɓaro-ɓaro cewa in maki ya zo ɗaya a dubi ranar nema. Abin da ya yi wuya shi ne abin da suka tarar da suka bi baya. A cikin watannin nan huɗu an ba da ɗaki biyu ga waɗanda layi bai zo kansu ba. Ɗaya na su Walt ne. Ɗayan na wata tsohuwa ce, Lucille Gervais, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda da ta ga lambarta na ta ja da baya, ta fid da rai, ta rabar da kayan ɗakinta, ta koma wurin 'yarta a jihar Wisconsin.

A zaman kwamitin gidaje akwai wanda ya ba da shawara a gyara kawai a yi shiru, tunda ba wanda ya sani sai su. Waɗanda suka halarta sun ce Arlene ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi waɗanda suka shiga ɗakunan ba su da laifi, kada a taɓa su, amma waɗanda aka tsallake sai an gaya musu, kuma in ba wanda zai kira, ita tana da waya a teburinta. Curtis ya ce a rubuta sunansa a takardar amsa kuskuren. Aka yi ta ja har kusan awa biyu, daga ƙarshe aka amince.

Ita ta kira Misis Gervais. Ta yi mata bayani a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya.

"Wato ba wai an ga ban cancanta ba ne?"

"A'a, Misis Gervais. Ke ce ta biyu. Mu muka yi kuskure. In kina so, ɗaki na gaba naki ne, kafin na su Tremethick."

"Na yi wata uku ina tunanin me na cika ba daidai ba a takardar nan." Ta ja numfashi. "Ba zan dawo ba, 'yata. Na riga na ba da gadona, kuma na fara sabawa da ihun jikoki. Amma ki rubuto min abin da kika faɗa yanzu. Ina so in nuna wa surukina, don ya ce ni na rikice."

Arlene ta rubuta da hannunta ta aika. Ta gaya wa Curtis daga baya cewa a duk shekarunta na aiki ba ta yi kira mai nauyin wannan ba, kuma har yau ba ta manta gadon nan da aka bayar ba.

A watan Afrilu ɗaki ya samu. Maza huɗu daga coci suka sauko da Joyce a kan kujera, tana ta faɗa musu su yi a hankali da bango. Da ƙafarta ta taɓa titi, ta ce a dakata kada a sa ta a mota tukuna, ta tsaya riƙe da hannun Walt tana shaƙar iska. Walt ya aiko wa Arlene gasasshen nama da dankali irin na mahaƙa, da 'yar takarda a manne: "Babu karas. Ki ɗanɗani na gaske kafin ki mutu."

Arlene, ke ce wadda ta tambayi na'ura dalili a lokacin da aka ce ki yi shiru. Ke ce kika ga mutum a inda kowa yake ganin lamba takwas. Uwar jeri, mai raba gardamar layi ba tare da kin ga masu layin ba. Ba ki ƙirƙiro dabarun nan ba, kuma ke ce ta farko da za ki faɗi haka, amma kin riƙe su da amana, kuma ranar da suka kuskure ba ki ɓuya a bayan kwamfuta ba.

A walimar sallama ranar Juma'a, bayan an ci kek an yi jawabai, Curtis ya tambaye ta abin da za ta yi da ranakunta yanzu. Ta ce akwai kwalayen takalma shida cike da hotunan mahaifiyarta, na shekara sittin, ba kwanan wata a bayan ko ɗaya.

"To da me za ki jera su?"

"Shi ne ban sani ba," ta ce, idonta na ƙyalli. "Na ɗauki biyu jiya na yi rabin awa ina kallo, na kasa cewa wanne ya riga. Sai na lura itacen da ke bayan gidan ya fi tsayi a ɗaya. Ka ga ke nan akwai hanya."

Mun gode, Arlene Kivela, a madadin duk wanda layi ya zo kansa a ranar da ya kamata, bai san wa ya tsare masa gurbi ba. Ku kuma da kuke zaune gaban na'ura a yau, kuna jera sunayen marasa lafiya, ko ɗalibai, ko masu neman aiki, in sakamako ya fito tsaf kada ku tashi tukuna. Ku nemo biyu da suka zo daidai, ku duba wanne aka sa a gaba, ku tambayi dalili, don ɗaya daga cikinsu yana can yana jira.